Shaho Mai Jan Ƙafa da 'Yan Tsakin Kaka

Kwanakin baya na hau bayan babur daga Gagarawa zan je Ɗanzomo gaisuwa, sai na ce wa mai babur ɗin ya ɗan tsaya a wani wuri. Ya tsaya yana dubana, don babu komai a wurin sai fili da kututture da hayaƙin masu yin gawayi can nesa. Na sauka ina juyawa gabas da yamma, ina neman inda dajinmu yake. A da in mutum ya bar ƙauyenmu ya yi arewa, inuwa ce ke miƙa shi ga inuwa: gawo ya ba aduwa, aduwa ta ba tsamiya, tsamiya ta ba kanya, a ƙarƙashinsu kuma sabara da geza da kalgo sun rufe ƙasa har sai ka riƙa sunkuyawa. Yanzu daga inda na tsaya ina hango rufin kwanon garin da a da sai mun yi doguwar tafiya kafin mu san yana nan. Na kasa kunne na daɗe, ban ji komai ba. Mai babur ya ce, "Baba, wani abu ka yar ne?" Na ce masa a'a, mu tafi.

Da safe a wancan zamani kunne yakan cika tun rana ba ta fito sosai ba. Kurciya ce ke farawa daga kan rumbu, sannan taɓarya ta amsa daga gidan maƙwabta, wata ta amsa mata daga can ƙarshen gari. Sai ƙarar guga a bakin rijiya, da muryar mata suna gardamar wadda ta riga zuwa, da kukan maruƙan da aka ɗaure kafin tatsa. Ni aikina in kwance jaki, in share turken awaki, in kai wa Kaka, wato mahaifiyar babana, garwashin da za ta ɗumama kununta. Ina cikin wannan zirga-zirga sai wani fito ya taso daga saman babban gawon da ke gonarmu ta bayan gida, siriri, mai daɗi, yana hawa yana sauka kamar wanda ke koyon busa sarewa. Yakan daɗe yana yi. Baƙo in ya ji ba zai taɓa cewa mai farauta ne ke wannan waƙa ba. Amma shaho ne.

Shaho iri-iri ne, wannan kuwa mukan ce masa mai jan ƙafa. Jikinsa toka-toka ne kamar tokar murhu da ta huce, cikinsa da cinyoyinsa da ƙananan zane a jere kamar saƙi, ƙafafunsa dogaye jajaye sai ka ce an yi masa lalle, gindin bakinsa ma ja ne. Yara na yanzu duk abin da ya yi shawagi a sama shirwa suke ce masa, alhali ba ɗaya ba ne. Shirwa 'yar gari ce, tana kewaya mahauta da juji, tana fizge nama daga faifai. Shi kuwa ɗan daji ne, inda itatuwa suke nan yake. Ba ya yini yana shawagi. Yakan zauna a can ƙololuwar bishiya, a miƙe kamar mai gadi, ba motsi sai kai da ke ɗan juyawa. Kana iya zuwa rijiya ka dawo ka same shi yadda ka bar shi. In ya ga abin da yake jira sai ya sako jiki ƙasa-ƙasa, ya kaɗa fuka-fuki kaɗan, ya miƙe su, ya bi ta tsakanin itatuwa shiru. In ƙadangare ya kuɓuce masa, har da ƙafa yake bin sa a guje, yana tsalle-tsalle da dogayen ƙafafun nan, abin dariya.

Ba ni na gano waɗannan abubuwa ba, Baffa ne ya nuna mini. Baffa wani dattijon Bafillace ne da ke sauka a gonarmu duk rani da shanunsa. Tsohuwar yarjejeniya ce tun zamanin kakana: shanunsa su ci kara su bar mana taki, awakinsa su ci 'ya'yan gawo in sun zubo. Bukkarsa kusa da gawon take, shi ya sa ya san shahon kamar maƙwabci. Da rana in zafi ya yi ƙarfi nakan je in kwanta kusa da shi a inuwa, yana tufkar igiya, ina kallon sama ta cikin ganye har barci ya ɗauke ni. Shi ya ce mini su biyu ne, miji da mata, kuma babbar ita ce macen. Shi ya nuna mini sheƙarsu a wani babban reshe mai rassa uku. Ya ce namijin ke fita nema, ita tana kwanci. Ya ce in shanu na tafiya cikin ciyawa shahon yakan bi su daga bishiya zuwa bishiya, don duk ɓeran da kofato ya tasa nasa ne.

"Ɗan Kaɗo," haka yake kirana, wato ɗan Bahaushe a bakin Fulani, "wannan tsuntsu ya fi ka aiki a gonar ubanka. Kai barci, shi gadi."

"Baffa, ai kai ma a kwance kake."

"Ni shanuna ke yi mini aiki. Kai wa ke yi maka? Jaki?"

Kaka kuwa jinin Mangawa ce, dangin Barebari, tsakaninta da Fulani akwai wasa, don haka ba sa haɗuwa da Baffa ba tare da sun taɓa juna ba. Ta ce nonon gidansa rabi ruwan rijiyarmu ne. Ya ce ita da za a ba ta saniya da wutsiya za ta tatsa. A shekarar da nake magana ƙafafunta sun fara ciwo, ba ta zuwa gona, duk dukiyarta a duniya wata kaza ce wake-wake. Cikin bazara kazar ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara. Kaka ta aiki aka sayo mata galura wajen ɗan koli, ta jiƙa a sakaina, ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya tana shafa musu har suka koma jajaye kamar barkono. Haka matan garinmu ke yi, wai in tsuntsu ya hango ja daga sama ba ya gane tsako ne. Tana shafawa tana raba su: wannan na ƙanwata, wannan na Inna, wannan za a yanka wa gwaggona in ta zo wankan jego.

"Wannan mai rigimar kuwa naka ne, Maigida," ta ce mini, don haka take tsokanata. "Zakaran angwancinka ke nan, in an sami wadda za ta yarda da kai."

"Uwargida, ke fa? Kin sake ni ne?"

"Na gaji da miji marar gemu."

Ina ɗan shekara goma sha bakwai ko kusa da haka. Ba yaro ba ne ni a lokacin, na san daidai na san ba daidai ba. Na faɗi wannan don kada wani ya yi mini uzurin da ban cancanta ba.

Wata Alhamis Baba ya yi sammako zuwa kasuwar Maigatari. Matan gidan duka, har da Kaka a kan jaki, za su suna wani ƙauye kusa da mu. Kafin su tafi ta kira ni bayan darni, inda rumbunanmu suke. Ta kife 'yan tsakin da babban kwandon kaba a inuwar rumbu, da ruwa a sakaina.

"Inuwar nan tafiya take yi," ta ce. "In ta matsa, ka matsar da kwandon. Ruwan in ya yi ɗumi ka zubar ka sake. Ka ji, ko kunnenka na wajen 'yan mata?"

"Na ji. Me za ki zo mini da shi?"

"Waina, in ka yi hankali."

Ba su daɗe da ɓacewa ba na ji gangar farauta. Wanda bai taɓa jin ta da ƙuruciya ba ba zai gane ba. Ƙafarka ce ke amsawa kafin kanka. Samarin ƙauyuka uku sun haɗu, karnuka na haushi, ana busa ƙaho, abokaina suna ɗaga mini kere daga nesa suna kiran sunana. Na dubi kwandon. Na ce a raina akuya na iya ture shi, kare na iya tona ƙarƙashinsa. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar mai gaggawa. Na shiga ɗakin Inna na ɗauko babban daron ƙarfenta na wanki, na cire kwandon, na kife su da shi. Na sa ɗan tsinke a gefe don iska ta shiga, sannan na ɗora dutse a sama. Ban duba ba in ga dutsen ya danna bakin daron cikin rairayi ya binne tsinken. Na ce yanzu zan dawo.

Ban taɓa ganin daji da kyau kamar ran nan ba, kuma wannan na cikin abin da ke damuna. Mun bazu cikin sabara a jere, rana tana ratsowa ta ganyen gawo tana faɗowa a ƙasa ɗigo-ɗigo. Ƙamshin ganyen da muke takawa yana tashi. Fakara ta tashi da ƙara, zomo ya yi tsalle karnuka suka rufa masa baya, wani ya jefa kere ya sami kututture aka yi ta yi masa dariya. Can na ɗaga kai na ga namijin shahonmu yana bin mu. In mun yi gaba sai ya taso ya sauka a bishiya ta gaba, yana jira. Muka tayar da wani ƙaton ƙadangare, kafin ya kai gindin aduwa sai toka-toka ta wuce ta gabana kamar an ja zane, ko iskarsa ban ji ba, ya tashi da shi yana reto a ƙafa, ya nufi gida. Na tsaya baki buɗe. Da ina da hankali da na bi shi, don hanyarmu ɗaya. Amma ganga ta yi gaba, na bi ganga. Muka sha ruwa a wata ruga, muka kwanta ƙarƙashin tsamiya muna tsotsar 'ya'yanta, har na manta akwai wani abu wai shi gida.

Sai bayan la'asar na dawo. Tun daga nesa na ga inuwar rumbu ta koma ɗaya gefen, daron yana tsakiyar rana yana ƙyalli. Kazar tana kewaya shi, muryarta ta dishe. Na kai hannu zan ɗaga, ƙarfen ya ƙone ni, sai da na naɗe hannu da riga. Ba zan bayyana abin da na gani ba. Duk taran ne. Sakainar ta bushe ƙaf.

Na zauna a ƙasa. Ba dukan Baba na ji tsoro ba, na sha duka a kan abin da bai kai wannan ba. Fuskar Kaka na tuna, da yadda ta ce ka ji. A daidai lokacin fiton nan ya taso daga kan gawo, na ɗaga kai, sai Shaiɗan ya ba ni shawara ni kuma na karɓa hannu biyu. Na fige jan gashin 'yan tsakin na tara a hulata. Na tona rami bayan rumbu na binne su. Na mayar da daron ɗakin Inna, na yar da kwandon a gefe kamar an ture shi. Baffa ya tafi shayar da shanu, ba kowa a gonar. Na je gindin gawon, daidai ƙarƙashin sheƙar, na watsa jan gashin ko'ina.

Da Kaka ta dawo aka sauke ta daga jaki, ƙullin waina na hannunta, ta ce, "Maigida, ina amanata?"

Na ce shaho.

"Shaho? Tara duka?"

"Shi da matarsa. Na je ba awaki ruwa, kafin in dawo sun ture kwandon suna ta zarya. Na jefe su ban same su ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofarta ta daɗe tana kallon kazar. Sannan ta miƙo mini wainar ta ce, "Ungo, ka sha rana." Na karɓa na ci. Har yau in na tuna na ci wainar nan sai in ji kunyar kaina.

Washegari Juma'a, Baba ya je gindin gawon ya ga ja a ƙasa, ransa ya ɓaci. Ya ce an daɗe ana ƙyale tsuntsun nan don ba ya taɓa na gida, tunda ya fara ba zai daina ba. In an sauko daga masallaci za a sauke sheƙar, kuma ni zan hau tunda a hannuna aka yi ɓarnar. Baffa yana tsugune yana sauraro. Ya ɗauki gashi ɗaya ya juya shi a yatsa, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya jira sai da Baba ya tafi.

"Ɗan Kaɗo, zo ka raka ni, wata maraƙa ta ɓace mini."

Babu maraƙar da ta ɓace. Ya kai ni can ƙarshen gonar, wajen wani tsohon suri da kansa ya faɗe. Ya nuna mini da sandarsa. Kewaye da surin gashin kurciya ne, da gashin ɓera, da wutsiyoyin ƙadangaru da suka bushe, da fuka-fukan fara.

"Nan ne mahautarsa," ya ce. "Rani nawa ina kallonsa. Duk mai gashin da ya kama, nan yake fige shi tukuna, sannan ya kai wa matarsa. Ba ya tara shara a ƙofar gidansa, don kada muzuru ya gane akwai ɗa a sama. Duba da kyau. Ka ga ja a nan?"

"A'a."

"Ni ma ban gani ba." Ya dunƙule hannu ya nuna mini. "Kuma cikinsa bai fi dunƙulen hannuna ba. Ɗaya yake kamawa, in ya ƙoshi ya zauna yana waƙa. Tara a yini guda, ko kura ce sai ta huta."

Na sunkuyar da kai ina tona ƙasa da yatsan ƙafa.

"Bakina ba zai shiga tsakanin ɗa da ubansa ba," ya ce. "Ni baƙo ne a gonar nan. Amma hanyar masallaci da nisa, ku biyu za ku je ku dawo. Magana ba ta fi taku goma ba."

Masallacin Juma'a a lokacin sai mun taka zuwa babban gari. Da tafiya na ce a raina sai a hanyar dawowa zan faɗa wa Baba gaskiya. A cikin sahu na roƙi Allah ya ba ni ƙarfin zuciya, kuma na yi niyya da gaske. Da dawowa na zaɓi wata tsamiya a gaba na ce in mun kai nan zan faɗa. Muka kai, muka wuce. Na zaɓi wata aduwa. Muna dab da ita Baba ya dafa kafaɗata, abin da bai saba yi ba, ya ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa. Ka yi iya ƙoƙarinka, tsuntsu ba a gadinsa. Ka girma yanzu, bana ma zan yanka maka gayaunarka, 'yar gonarka ta kanka." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Baba." Muka wuce aduwar.

Gawo ba bishiyar hawa ba ce, duk jikinta ƙaya. Na ɗaura gatari a ƙugu na fara hawa, mutane suka taru a ƙasa, har Kaka aka kawo mata kujera. Ban kai rabi ba macen ta taso. Ban gan ta ba, sai dai na ji kamar an kwaɗa mini sanda a ka, hulata ta yi ƙasa, jini ya gangaro mini ta goshi. Ta juya ta sake dawowa, namijin yana kewayawa yana wani kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Mutane na ihu suna jifa. Na rufe ido ɗaya na ci gaba har na kai reshen.

Sheƙar ba ta fi faifai girma ba. Tsinkayen ƙaya ne aka jera aka liƙe da laka, yanar gizo ta lulluɓe gefenta, cikinta kuma an shimfiɗa gashin tumaki da busasshen kashin shanu da wani ɗan tsumma shuɗi, wanda na gane yagin tsohon rawanin Baffa ne. A tsakiya ɗa guda ɗaya, farin gashi kamar auduga, mai ruwan ƙasa ya fara tsirowa a fuka-fukansa. Kusa da shi rabin ƙadangare. Babu ja ko ɗigo. Bai gudu ba, ba shi da inda za shi. Ya kwanta da baya ya ɗago mini 'yan ƙafafunsa ya buɗe baki. Daga nan sama ina ganin dajin duka har inda ido ya ƙare, kore da toka-toka, da shanun Baffa fari-fari a ciki, iska na kaɗa reshen a hankali kamar ana lallashin mu mu biyu. Na ji kamar in zauna nan kada in sauka. Ko a lokacin ma da na leƙa ƙasa na ce ni ne, da an gama.

"Me kake jira?" Baba ya ɗaga murya.

Na zare gatarin. Sara shida ko bakwai reshen ya tafi. Kafin ƙurar faɗuwarsa ta kwanta karen maƙwabcinmu ya riga kowa isa wajen ɗan shahon. Na ji muryar Kaka tana cewa, "Kai, kai, ni ban ce a ba kare ba." Da na sauko na nemi Baffa cikin mutane, sai na hango bayansa can, ya saɓa sanda a kafaɗa ya nufi wajen shanunsa.

Kwana da kwanaki tsuntsayen nan biyu suna dawowa gawon. Macen takan sauka a inda reshen yake a da, ta dubi wurin, ta tashi, ta sake dawowa. Sau biyu na ga namijin ya zo da ƙadangare a ƙafa ya zauna da shi har rana ta yi tsaka. Fiton safe kuwa ya tsaya. Kafin shamuwa ta iso sun bar gonar, ban san inda suka yi ba. Baffa ma ya tashi tun ruwan farko bai sauka ba. Da rani ya zagayo, a gonar wani ya ɗaure shanunsa. Baba ya yi ta mamaki, ya aika a tambaye shi ko an yi masa laifi, Baffa ya ce babu komai, ciyawar can ce ta fi. Mun ci gaba da haɗuwa a kasuwa shekaru da yawa. Bai taɓa tona mini asiri ba. Amma bai sake ce mini Ɗan Kaɗo ba. In ya gan ni sai ya tsaya ya ce, "Sannu, Malam. Ina gajiya? Ina mutanen gida?" Ya gaishe ni da ladabi kamar baƙo ya wuce.

Abin da ban zata ba shi ne ƙaryar za ta girma ta zama abin alfaharin gidanmu. Kaka da kanta ta wanke mini ciwon, ta sa toka, ta ba ni kazar kyauta. Duk baƙon da ya zo sai ta kira ni ta ce in cire hula a ga tabon. "Maigidana ne ya rama mini," take cewa. Har ta koma ga Allah, in inuwar tsuntsu ta gitta tsakar gida sai ta ɗaga sanda ta ce azzalumi. Na yi aure, aka ba matata labarin. Na haifi 'ya'ya, aka ba su. A bakin mutane 'yan tsakin suka zama ashirin, gawon ya ƙara tsawo, shahon ya kai girman mikiya. Ni kuwa in ana bayarwa sai in yi murmushi in ce a bar tuna baya, su ɗauka kunya ce irin ta jarumi. Na je Makka na dawo da wannan abu a cikina. Na nemi gafarar manyan laifuka da na yi daga baya, waɗanda suka fi wannan nauyi a idon mutane, amma wannan na kasa faɗa wa kowa, don duk waɗanda ya kamata in faɗa wa na bari sun tafi.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce iyali suka taru a gidana. Ƙanwata, wadda yanzu ita ma da sanda take tafiya, ta tara jikoki a tabarma da hantsi tana ba su labarin. Ta kai wajen hawan gawo ta ce, "Yaya, cire hular su gani." Na cire. Wata jikata ta taɓa tabon da yatsa ta ce, "Baba Tsoho, yaya shaho mai jan ƙafa yake?" Na dubi yaran, na ga babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin sa ko jin fitonsa. Duk abin da suka sani game da shi ƙaryata ce. Sai na ce su zauna, na faɗa musu yadda aka yi, tun daga gangar farauta har zuwa surin da Baffa ya nuna mini.

Ƙanwata ta daɗe tana dubana.

"Daron Inna na wanki?" ta ce.

"Shi."

"La'ilaha illallahu. Shi ya sa ya yi ta ƙarni! Kwana uku Inna na sa ni ina dirza shi da toka, wai ni ce na bar ƙazanta a ciki." Ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye, ta goge ido da bakin mayafi. "Kaka ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Kai, Yaya," ta ce. "Kai, Yaya."

Na ɗauka na sauke kayan ke nan. Da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai na ji yaran suna wasa a jikin katanga. Babban cikinsu ya riƙe kara kamar gatari yana cewa, "Ni ne Baba Tsoho, kai ne shaho, in na sara sai ka faɗo." Ashe tsohon labarin suka fi so. Ƙaramin da aka sa ya zama shaho ya hau katangar ya tsuguna, ya buɗe hannuwa yana jira. Na tashi da ƙyar, na je na tsaya a ƙarƙashinsa, na karɓe karan daga hannun yayansa.

"Zauna abinka," na ce wa na saman. "Ba kai ka ci su ba."